Yadda Ake Yi Idan Yaro Ya Haɗa Masassara, Ciwon Kai da Ciwon Ciki

Ɗan ƙanwata yana da shekara bakwai lokacin da abin ya same shi. Ƙarshen damina ne, an idar da sallar isha'i, aka zuba masa tuwo ya ture kwanon. Ya kwanta a gefen tabarma ya naɗe ƙafafu, ya ce, "Inna, kaina yana sarawa, cikina kuma yana murɗa." Uwar ta taɓa goshinsa ta ji zafi zau. Kakarsu ta ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, wa ya tsira a wannan wata? Aka aika wajen mai tebur aka karɓo magani. Bayan kwana uku jiki bai sauka ba, aka sake karɓo wani. Sai a kwana na goma sha ɗaya, da cikin ya kumbura ya yi tauri kamar allo, muka ɗauke shi cikin dare. Taifot ce ta huda masa hanji. An yi masa aiki, Allah ya tashi kafaɗunsa, yau yana zuwa makaranta. Amma har yanzu in na ga tabon ɗinkin a cikinsa sai in tuna kwanakin nan goma da muka ɓata muna cewa palu ne.

Masassara da ciwon kai da ciwon ciki ba sunan cuta ba ne, alamu ne, kuma cututtuka da yawa suna shigowa da su tare. A Damagaram palu ne ya fi yawa, wannan ba gardama. Sai dai sanƙarau ma haka yake sallama, taifot ma haka. Ga yadda ya kamata a bi abin tun daga daren farko.

Mataki na farko: a duba ko akwai abin da ba ya jiran gari ya waye

Kafin a nemi magani, kafin a tambayi maƙwabta, a haska fitila a dubi yaron da kyau. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko ƙarfe biyun dare ne a tashi mai kabu-kabu ko mai adaidaita, a nufi likita.

Ya yi jijjiga, idanu sun kakkafe, haƙora sun datse. Ko barci ya yi masa nauyi, ana tashinsa yana langaɓewa, ko yana surutai bai gane uwarsa ba. Ya kasa shan ruwa, ko jariri ya ƙi kama nono. Duk abin da ya shiga bakinsa sai ya dawo. Wuyansa ya sandare. Numfashi yana fita da ƙyar, ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki. Tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari fat. Ido ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi baƙi kamar ruwan shayi mai kauri. Ciki ya yi tauri, ba ya yarda a taɓa. Akwai jini a bayan gida, ko amai mai launin kore.

Gwada wuya ba shi da wahala. Yaro babba a ce masa ya sa haɓarsa a ƙirji, ko ya dubi cibiyarsa. In ya kasa, ko ya yi ƙara, abin dubawa ne da gaggawa. Jariri kuwa wuyansa ba ya cika sandarewa ko da sanƙarau ne, shi maɗigarsa ake dubawa lokacin da ba kuka yake ba: in ta kumburo ta yi tauri, a tafi. Jaririn da bai kai wata 3 ba, zafin jiki kaɗai ya isa dalilin kai shi likita, ba sai an ga komai ba. Haka ma yaron da aka san yana da sikila, da wanda tamowa ta rame da shi.

In jijjiga ta kama shi a gabanku, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, a sassauta masa riga. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko manja, domin a wannan hali abin da aka zuba huhu yake tafiya. Kada a turara masa hayaƙi a fuska. A yi masa addu'a ana tafiya, ba wanda ya hana. In gidanku yana nesa da babbar likita, a tsaya a CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, ko ɗakin shan magani mafi kusa, akwai maganin palu mai suna artesunate da ake sa wa yara ƴan ƙasa da shekara 6 ta dubura, ya riƙe su kafin a isa inda za a yi allura. Shi kaɗai ba ya warkarwa, sai an ƙarasa tafiyar.

Mataki na biyu: a auna, a ƙirga, a riƙe

In babu ko ɗaya daga waɗancan, hankali ya ɗan kwanta, amma aiki bai ƙare ba. Ma'aunin zafi abu ne da ya kamata ya zauna a kowane gida mai yara, ana samunsa a farmasi. A share gumin hammata, a sa shi, a matse hannun yaron har ya yi ƙara. Daga 37.5 a hammata masassara ce. In ya kai 39 ko ya wuce, zafin ya yi yawa. Tafin hannun uwa yana gane zafi, amma ba ya gane ko yau ya fi jiya, kuma wannan ne likita yake son sani.

Sannan a ƙirga numfashi. A ɗage rigar yaron lokacin da ya natsu, a duba agogon waya, a ƙirga sau nawa ƙirjin ya tashi cikin minti guda cur. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40 ya yi sauri. Dalilin wannan shi ne, ciwon huhu in ya kama ƙasan huhun, yaro cikinsa yake nunawa, sai a yi ta neman ciwo a ciki alhali a ƙirji yake.

A tambaye shi ya nuna wurin ciwon da yatsa ɗaya. Yaron da ya shafa cikin gaba ɗaya, ko ya nuna cibiya, sau da yawa masassarar ce ta jawo. Wanda ya dangwala yatsa a wuri guda, musamman ƙasan mara ta dama, wannan a sa masa ido sosai.

Majo, wato ma'aikacin lafiyar da ke duba marasa lafiya a likita, zai tambaye ku: "Inna, yau kwana nawa? Ya yi amai? Zawo fa, sau nawa? Ya yi fitsari yau? Me kuka ba shi a gida?" Ku faɗi gaskiya, musamman a tambayar ƙarshe. Ni na ji da kunnena uwa ta ce ba ta ba da komai ba, alhali ƙullin ƙwayoyi yana bakin zanenta, don tana tsoron a yi mata faɗa. Faɗan minti ɗaya ne, amma ɓoyewar tana iya sa a ninka wa yaro maganin da ya riga ya sha. A tafi da kwalin ko takardar maganin, da karnen yaron, wato ɗan littafinsa na lafiya.

Mataki na uku: abin da za a yi masa a gida kafin a tafi

A rage masa kaya. Lulluɓe yaro da bargo don yana rawar ɗari ƙara masa zafi yake yi, zane marar nauyi ya isa. A jiƙa tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi a shafa masa jiki, ba ruwan ƙanƙara ba.

Maganin sauke zafi na yara shi ne paracetamol, kuma da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba: miligiram 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150, wato kimanin mililita 6 na siro mai ƙarfin 120 a cikin mililita 5. Mai kilo 17 zuwa 20, rabin ƙwayar 500 ya yi masa. A bar awa 6 tsakani, kada a wuce sau 4 a yini da kwana. Doliprane da Efferalgan duk paracetamol ne, suna ne ya bambanta, in aka haɗa su an ninka, kuma hanta ce take biya. Kada a ba yaro asfirin. Ibuprofen ma a bar shi in ciki yana ciwo ko yaro yana amai da zawo.

A sani, paracetamol zafi yake saukewa, ba ya taɓa cutar. Yaro zai yi gumi, ya tashi ya nemi wasa, a ce ya warke. Da magariba abin ya dawo. Wannan lafawar ita ta yaudare mu.

Sai ruwa. Mai shan nono a ƙara masa nono. Babba a ba shi ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan, da kunu, da romo. In akwai zawo ko amai a haɗa SRO, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wanda ya wuce haka 100 zuwa 200, da cokali, a hankali. In ya amayar a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. In babu ƙunshin a gida, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. Maganin zinc kuma, da ake bayarwa tare da SRO don zawo, ana shan sa kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. In ido ya zurma, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, ko an tsunkuli fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba, ruwan jikin ya ƙare, sai an yi ƙarin ruwa a likita.

Mataki na huɗu: a kai shi a gwada jini kafin kwana ya zagayo

Nan ne zuciyar maganar. Yaro mai masassara a ƙasarmu ana so a gwada shi cikin awa 24, ko da yana cin abinci yana wasa. Irin palun da muke da shi a nan, wanda ake kira falciparum, yana iya juyewa ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya shanye jini cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman ga ƴan ƙasa da shekara 5. Gwajin palu na gaggawa, wanda ake kira TDR, ɗigon jini ne daga yatsa, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Tun 2006 dokar Nijar ta sa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati. Gaskiya ne wani lokaci magani yakan yanke a rubuto muku takarda ku saya, saboda haka a riƙe ɗan abin hannu, amma kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da yaro a gida.

In gwaji ya nuna palu kuma babu alamar haɗari, yawanci artemeta-lumefantirin ake bayarwa, wanda mutane suka fi sani da Coartem. Sha 6 ne cikin kwana 3: na farko nan take, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu. Mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya a kowane sha, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku. A ba shi da nono, ko madara, ko abinci mai ɗan maiƙo, domin ta haka maganin yake shiga jiki. In ya amayar kafin awa guda a sake ba shi, a koma a karɓi cikon. Kuma a shanye duka. Ajiye ragowar don ƙaninsa yana barin ƙwayar cutar da sauran rai.

In gwaji ya nuna babu palu, kada ku ji haushi, kada ku fita ku saya a tebur don "jikinku ya ba ku palu ne". Ku tsaya a duba maƙogwaro, da kunne, da ƙirji, da ciki, da fitsari. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: TDR yana iya ci gaba da nuna palu har makonni bayan an warke. In yaron ya sha maganin palu cikin watan nan, ku gaya wa majo, domin yana iya aika ku a duba jinin a madubin likita.

Sauran cututtukan da suke sa wannan riga

Sanƙarau lokacinsa daban ne. Daga shigowar hunturu har zuwa faɗuwar ruwa, sa'ad da ƙura take busar da hanci da maƙogwaro, shi ne ake tsoro. Muna cikin yankin da yake yawan ɓulla, kuma ba labarin da ba ne: daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Zinder, 18 suka rasu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Ciwon kansa mai tsanani ne, yaro yana gudun haske, yana amai, wuya ya ƙage. Awoyi ake ƙirgawa a nan, ba kwanaki ba. In likita ya ce zai ɗebi ruwan gadon baya, ku yarda. Ba ya gurgunta yaro, cutar ce take kurmantarwa ta nakasa in an makara.

Taifot ita a hankali take tafiya. Zafi yana hawa kullum kaɗan-kaɗan, ya wuce mako, kai yana ciwo, yaro ya yi laushi ya daina cin abinci, wani ya yi zawo wani kuma cikinsa ya ɗaure. Ta ruwa da abincin da ƙazantar bayan gida ta taɓa take shiga. Duk wanda ya zauna a Zinder ya san wahalar ruwa, ya san yadda famfo yake ɗaukewa a bazara a koma ga ƴan garuwa, ba ka san inda aka ɗebo ba. A mako na biyu zuwa na uku ne take huda hanji, abin da ya sami ɗanmu ke nan. Gwajin Widal da ake yawan yi ba ya yanke hukunci shi kaɗai, yana iya nunawa ga wanda ya taɓa yin ta a baya, shi ya sa likita yake haɗa shi da abin da idonsa ya gani. Maganinta sai an shanye adadin kwanakin da aka rubuta.

Ciwon afendis, wato kumburin ƴar wutsiyar hanji, yana farawa a cibiya, bayan wasu awoyi ya gangara mara ta dama ya zauna. Yaron yana tafiya a duƙe, in babur ya faɗa rami sai ya yi ihu, in aka ce ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ba zai iya ba. Kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a gasa, kada a danna. A hana shi abinci a kai shi inda ake aiki, kamar babbar likitar ƙasa ta Zinder.

Ciwon maƙogwaro ma yana zuwa da ciwon kai da na ciki, musamman ga ƴan makaranta. A sa ya buɗe baki a haska. In an ga wani farin abu mai toka-toka ya shimfiɗu a ciki, wuya ya kumbura, to mashaƙo ake zargi, wadda ta addabi wajen Matameye a 2023, kuma tana yaɗuwa. Ina roƙon iyaye, kada a kai irin wannan yaro wajen wanzami a cire beli. Jini zai zuba, cutar tana nan.

Sai ciwon mafitsara, wanda ya fi kama ƴan mata: zafi wajen fitsari, yawan zuwa, ko yarinyar da ta daina fitsarin kwance ta koma yi. Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da yake wanka a tafki tsargiya ce, tana da magani. Tsutsar ciki tana sa murɗa da kumburi da rama, amma ba ta cika kawo zafi mai ƙarfi ba, saboda haka kada a ɗora mata laifin masassara. Haƙori ma haka. Yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, ba ya kai yaro 39.

Mataki na biyar: a san ranar komawa

Bayan an dawo gida a ci gaba da aunawa safe da yamma, a rubuta a bayan karne ko a waya. A lallashe shi ya ci ko loma uku ne, sau da yawa a yini. In an gama kwana 3 ana shan magani zafi bai sauka ba, a koma, kada a jira. In wata alama daga cikin na mataki na farko ta fito, a koma nan take ko da awa guda ke nan da dawowa. Masassarar da ta kai kwana 7 kullum, ko tana sauka tana dawowa, tana bukatar bincike a babbar likita. Kada kunya ta hana ku cewa, "Majo, mun sha maganin duka amma jikin yana nan." Ba ƙorafi ba ne, bayani ne da yake bukata. Bayan an warke daga palu, a riƙa duba tafin hannun yaron na ƴan makonni, a ƙara masa wake, da zogale, da ƙwai, da hanta in da hali, domin jini ya dawo.

Abin da ake yi tun lafiya lau

Sange mai magani kowane dare, har lokacin da zafi ya sa aka fito tsakar gida kwana. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa, a ɗinke inda ya yage. Daga Yuli zuwa Oktoba masu rabon maganin rigakafin palu na damina, wanda ake kira CPS, suna bi gida-gida wata-wata don yara ƴan wata 3 zuwa wata 59. Ranar farko a gabansu ake sha, amma na kwana na biyu da na uku a hannun uwa ake bari, kuma nan ne ake yawan sakaci. Ɗacinsa ne yake sa yara su tofar, a murƙushe shi a ɗan ruwa da sukari. A duba karne a tabbata alluran mako 6, 10 da 14 sun cika, da na wata 9.

Ruwan sha kuwa, in ba ku san asalinsa ba, a tafasa, ko a jefa ƙwayar Aquatabs gwargwadon yadda aka rubuta a takardarta a jira minti 30. Randa ta zauna a rufe, da moɗa guda mai mariƙi wadda ba a sha da ita, a rataye ta a ƙusa inda hannun yara ba ya kaiwa.